Elden Ring ko Nioh 2: Wanne Za Ka Ɗauka In Kuɗin Faifai Ɗaya Gare Ka?

Watannin baya ƙanina ya sayi PS4 na hannu. Da ya ƙoshi da ƙwallo da tseren mota, sai ya same ni da hotunan faifai biyu a wayarsa, ya ce, "Yaya, kuɗin guda ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka?" Ɗaya Elden Ring ne, ɗayan Nioh 2. Na gama su duka, kowanne fiye da sau ɗaya, amma ban iya ba shi amsa a tsaye ba. Sai da na zaunar da shi na tambaye shi abu uku: me yake ba ka daɗi a gem, awa nawa kake samu a zama ɗaya, kuma in abu ya gagare ka, nacewa kake yi ko canja hanya? Tambaya ta ukun nan ita ta raba mana gardama, kuma ina ganin za ta raba wa duk wanda ya tsaya gaban mai shago yana juya faifan nan biyu a hannu.

Daga nesa kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Dukansu daga Japan suka fito. A dukansu kai kake ƙera jaruminka, ka zaɓa masa fuska da makami, ka riƙa ƙara masa ƙarfi da abin da ka tara a fagen fama. In aka kashe ka, abin da ka tara yana zubewa a inda ka faɗi, kana da dama ɗaya ka koma ka kwashe. In aka sake kashe ka a hanya, shi ke nan ya tafi. Babu wanda zai tambaye ka ko kana son mai sauƙi ko mai wuya, abin da aka dafa shi kowa zai ci.

Amma gidajen da suka fito ba ɗaya ba ne, kuma tarbiyyar gida tana jikin kowanne. Elden Ring na kamfanin FromSoftware ne, ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, mutanen da suka yi Demon's Souls a 2009 da Dark Souls a 2011. Ya fito ranar 25 ga Fabrairu 2022, ya lashe kambun gwarzon gem na wannan shekarar a bikin The Game Awards, kuma cikin shekara guda an sayar da kwafi miliyan 20. Nioh 2 na Team Ninja ne, wani sashe na kamfanin Koei Tecmo, masu Ninja Gaiden da Dead or Alive. Ya fito a PS4 a watan Maris na 2020, ya iso PS5 da kwamfuta a Fabrairun 2021. Mutanen Miyazaki magina ne, gwanintarsu ita ce gina wurin da za ka shiga ka ɓata. Mutanen Team Ninja kuwa 'yan dambe ne, hankalinsu yana kan abin da yake faruwa tsakanin yatsunka da maɓalli. Kafin mu yi nisa: in Xbox gare ka, magana ta ƙare, don Nioh 2 bai fito a can ba.

Bari in fara da awar farko ta Elden Ring, don a nan yake nuna halinsa. Bayan ɗan duhun kogo, za ka tura wata ƙatuwar ƙofa, haske ya dalle maka ido. Ga fili shimfiɗe da ciyawa, sunansa Limgrave, ga wata bishiyar zinariya da ta tokare sama, ga ganuwar wata fada can a kan dutse. A kan hanyar da take gabanka wani barde yana kai da komowa a kan doki, shi da dokin duk cikin sulken zinariya. Kusan kowa sai ya taɓa shi, kuma sara biyu ya ishe shi ya kwantar da kai. An ajiye shi a nan da gangan. So ake tun da wuri ka gane cewa ba duk abin da ka gani ne naka na yau ba. Ka duƙa, ka bi ta cikin ciyayi, ka zagaye shi, ka isa kangon da ɗan kasuwa yake zaune gaban wuta. Ba da jimawa ba za a ba ka doki mai suna Torrent, daga nan duniya ta buɗe.

Bos, wato babban abokin gaba, na farko da yake tare hanya sunansa Margit, yana tsaye a kan gadar shiga fadar Stormveil. Muguntarsa ita ce jinkiri. Zai ɗaga sanda sama ya riƙe, ya riƙe, har sai ka ƙosa ka yi tsalle gefe, sannan ya sauke maka ita a daidai inda ka dira. Daren da na fara haɗuwa da shi na mutu ya fi sau ashirin. Washegari ban koma ba. Na juya linzami kudu, na ƙetara gada zuwa wani yanki mai yawan ruwan sama da ake kira Weeping Peninsula, na yi kwana uku ina shiga kogo, ina fasa ƙananan sansanoni, ina tsintar duwatsun da maƙeri yake wasa makami da su. Na samo abubuwan da suke ƙara yawan kwalaben magani da ƙarfinsu, na zuba yawancin abin da na tara a kan ƙarin jini. Da na dawo gadar nan, na kaɗa ƙararrawar kiran mataimaki, kyarkeci uku suka fito suna taya ni, a karo na uku Margit ya faɗi. Hannuna bai canja sosai a kwana ukun nan ba. Jarumin ne ya canja. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, kuma gem ɗin gaba ɗaya an gina shi ne a kan wannan.

Abin da ya sa ja da bayan ba ya gundura shi ne abin da kake tararwa a hanya. Akwai wani daji a gabashin Limgrave mai manyan dabbobin da Turawa suke kira bear, wato irin dabbar nan mai gashi da take miƙewa tsaye. A cikinsa na ga wani ɗan gini mai rufin ƙubba, na shiga, na taka wani faifan dutse a tsakiya. Sai ƙasa ta fara sauka da ni. Na ɗauka ɗan kurkuku ne irin na kullum. Ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, har na fara zaton wani abu ya lalace. Da bango ya yaye sai ga wata duniya a ƙarƙashin ƙasa, da kogi, da rusassun ginshiƙai, da wani abu kamar taurari a saman kogon. Siofra sunan wurin. Babu wanda ya aike ni, babu alama a taswira da ta ce in je. Na ajiye hannun gem a cinya na yi shiru ina kallo. Nioh 2 ba shi da ko abu ɗaya mai kama da wannan, kuma in irin wannan ne yake motsa maka zuciya, kana iya tsayawa a nan ka je ka biya kuɗinka.

Shi Nioh 2 ba ya sakin ka a fili. Taswirar Japan ce a gabanka, ka zaɓi aiki, a jefa ka cikin wani ƙauye ko fada ko kogo mai hanya ƙididdigagga, ka bi ta har ka isa bos, ka dawo taswira. Aikin farko wani ƙauye ne da furanni suke zuba a kan gawarwaki, a ƙarshensa dodo mai kan doki, Mezuki. Tun a nan za ka gane cewa ko ƙaramin ɗan fashi mai mashi yana iya gamawa da kai da suka uku in ka yi sakaci. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a gem ɗin nan haki ya yi yawa.

Zuciyar faɗan abu ɗaya ce, suna kiranta Ki, ni ina ce mata numfashi. Duk sara, duk kaucewa, duk tarewa suna cin numfashinka. In ya ƙare aka taɓa ka, jarumin zai sunkuya yana haki, a yi masa yadda aka ga dama. To amma bayan kowane sara wani shuɗin haske yana taruwa a jikinka, in ka danna maɓallin R1 daidai lokacin da ya gama taruwa, yawancin numfashin da ka kashe zai dawo nan take. Sara, sara, sara, R1. Haka za ka yi ta yi har ya zama ba ka san kana yi ba, kamar yadda direba ba ya tunanin kuloci in zai canja giya. Wanda bai koyi wannan ba, kullum a gajiye yake faɗa, kuma zai rantse gem ɗin zalunci ne.

A kan wannan aka ɗora tsayuwa uku ga kowane makami. Ta sama tana da nauyin sara amma tana shan numfashi, ta tsakiya ta fi kyau wurin tarewa da share mutane da yawa, ta ƙasa kuma ta sauri ce da zillewa. Kana iya canja tsayuwa a cikin dannawar R1 ɗin nan, kuma in ka buɗe dabarar da ta dace, canjin ma yana ƙara maka numfashi. Su ma abokan gaba suna da nasu numfashin a fili kana gani. In ka ƙarar da na mutum, sai ya tsaya yana haki ka cafke shi. In ka ƙarar da na dodo, duk girmansa kowane sara sai ya girgiza shi. Ga kuma jan haske: in dodo ya yi ja zai kawo mugun hari, sai ka danna R2 da da'ira ka katse shi, ka karya masa numfashi. Abin da ya fi ba ka tsoro shi ne babbar damarka, in ka iya lokaci.

Inda na ci kwakwa shi ne bos na biyu, Enenra, dodon hayaƙi da wuta a cikin wata maƙera. A nan babu kudu da zan juya. Akwai 'yan ƙananan ayyuka a taswira da za ka iya maimaitawa ka ƙara mataki, amma ƙarin mataki biyar ba ya hana Enenra kashe wanda bai iya R1 ba. Dole na koma filin horo na gem ɗin, na tsaya gaban abokin gwaji ina sara ina dannawa har yatsana ya haddace. Da na dawo, sai na ga ashe duhun da yake bazawa a ƙasa, wanda yake hana numfashina dawowa, da wannan R1 ɗin ake share shi. Ranar da ya faɗi jarumina yana nan yadda yake. Ni ne na canja.

Kada a ɗauka babu agaji ko kaɗan. Akwai shuɗɗan kaburbura da kake kiran mataimaki daga cikinsu da wasu ƙananan kofuna da kake tarawa. Akwai layar da take rage wa bos sauri, akwai wuƙaƙen jifa da bama-baman ninja. Suna rage zafi, amma ba sa ɗauke maka koyon hannu. A Elden Ring kuwa mutum yana iya kai ƙarshe da garkuwa mai kyau, da tsafin jifa daga nesa, da mataimakin da yake kira da ƙararrawa, ba tare da ya taɓa zama gwanin kaucewa ba. Ban ga aibu a nan ba. Masu gem ɗin ne suka ajiye kayan don a yi amfani da su, kuma ba na goyon bayan masu raina wanda ya ci bos da mataimaki.

Yanzu in faɗi abin da yake raina. A wurin faɗa zalla, Nioh 2 ya fi, kuma ba da kaɗan ba. Bayan awa talatin da mashi a hannuna, ga yadda faɗa ɗaya yake tafiya: in shiga da tsayuwar sama in sauke sara biyu a kan ƙahon dodo, in ja numfashi in koma ta ƙasa, in zille ta bayansa, ya yi ja in katse shi, in kira ruhin wani dodo mai ƙafa ɗaya da na taɓa kashewa ya sauke masa guduma, numfashinsa ya ƙare, in canja zuwa doguwar takobi in gama da shi. Duk wannan cikin daƙiƙa goma, kuma kowane mataki ni na zaɓe shi. Nau'in makami tara ne a asalin gem ɗin, har da lauje mai sarƙa da ƙananan gatura biyu da ake jifa da su, ƙarin da aka fitar daga baya ya kawo biyu suka zama sha ɗaya. Kowanne yana da nasa reshen dabaru da za ka yi wata guda kana buɗewa. Wanda ya bar mashi ya koma lauje kamar ya sayi sabon gem ne.

Elden Ring yana da makamai ɗaruruwa, amma kowanne 'yan saran da yake yi ba su da yawa: mai sauƙi, mai nauyi, na tsalle, da dabara ɗaya ta musamman da kake iya canjawa a yawancinsu. Gwanintar a can ta karanta bos ce, ka san yaushe zai sauke hannu, ka kauce, ka sari ɗaya ko biyu, ka ja baya. Akwai daɗi a ciki, daɗin haƙuri da lura irin na maharbi. Amma wanda ya taso da Tekken ko Mortal Kombat, wanda yake jin daɗin haɗa duka goma a jere, zai ji kamar an ɗaure masa hannu ɗaya.

Sai dai Nioh 2 yana da wani nauyi da dole in faɗa, wato tarkacen ganima. Kowane maƙiyi yana zubar da kaya, fari, rawaya, shuɗi, shunayya, kowanne da layi huɗu ko biyar na lambobi da Turanci. Ka gama aiki ɗaya ka tarar da takubba da kwalkwali sun cika maka jaka, kusan duk iri ɗaya. Na san mutanen da wannan kaɗai ya kore su. Shawarata ita ce a zagayen farko, wato karon farko da za ka bi gem ɗin daga farko har ƙarshe, kada ka karanta komai. Saka wanda lambarsa ta fi girma, ka tabbata nauyin kayanka bai kai kashi 70 cikin ɗari ba, sauran ka sayar ko ka wargaza wurin maƙera. Wannan ƙa'idar ta kashi 70 tana aiki a Elden Ring ma: in ka haura ta, jaruminka zai riƙa faɗuwa kamar buhun masara in ya zo kaucewa. Amma a can kaya ba sa damunka. An ajiye kusan kowane muhimmin makami a wurinsa da hannu, kuma takobin da ka fara da shi yana iya kai ka ƙarshe in kana kai shi wurin maƙeri, har mataki na 25.

Labari kuma, kowanne da irin matsalarsa. Na Elden Ring a warwatse yake cikin bayanin kaya da maganganun mutanen da kake tararwa, kuma da wani tsohon Turanci suke magana wanda ko mai digiri sai ya sake karantawa. Babu littafin da yake tuna maka wa ya aike ka ina. Mutum zai ce ka same shi a wani wuri, ka manta, bayan awa ashirin ka tarar da gawarsa. Kana iya gama gem ɗin ba ka san dalilin rabin faɗan da ka yi ba. Na Nioh 2 a miƙe yake, kuma an jingina shi da tarihi na gaske, zamanin yaƙe-yaƙen sarakunan Japan da ake kira Sengoku. Ya fara a 1555. Kai rabin mutum ne rabin dodo, abokinka wani ɗan kasuwa mai baki, Tokichiro, wanda a tarihi shi ne ya zama Toyotomi Hideyoshi, ɗan talakan da ya haɗe Japan a ƙarƙashinsa. Za ka shiga yaƙin Okehazama na 1560, inda Oda Nobunaga ya murƙushe rundunar Imagawa Yoshimoto da ta ninka tasa yawa, za ka ga cin amanar da Akechi Mitsuhide ya yi masa a Honno-ji a 1582. Matsalar ita ce labarin yana tsallake shekaru, yana kawo manyan mutane kamar kowa ya san su. Ɗan Japan ya san su tun firamare. Mu kuwa sai mu ga wani ya shigo da kwarjini, an yi masa kiɗa, ya mutu, ba mu san ko wane ne ba. Duk da haka, ta dalilin gem ɗin nan na je na karanta tarihin zamanin, kuma ban yi asarar lokaci ba.

Kowanne yana da inda yake sanyi. Elden Ring bayan ka wuce babban birni ka hau duwatsun ƙanƙara, filin ya zama wayam, bosawan da ka riga ka kashe suna dawowa da ƙarin jini, wani lokaci biyu a ɗaki ɗaya, kuma duka ɗaya yana kwashe rabin jininka. Malenia, bos ɗin da kowa yake maganarta saboda duk saran da ta same ka da shi jininta yake ƙaruwa, ba dole ba ce, kana iya gamawa ba ka gan ta ba. Nioh 2 kuma idonka zai gaji da kogo da ƙonannen ƙauye da dare, kuma ƙananan ayyukansa a wuraren da ka riga ka bi ake maimaita su.

To, ga maganar da masu sharhi na waje ba sa yi, don ba ta dame su ba: na'ura, wuta da lokaci. A PS4 na asali Elden Ring yana tafiya ne a kan hoto 30 a daƙiƙa, wani lokaci ya ɗan yi tsaiko a fili, kuma in ka mutu sai ka jira allo ya gama lodi, jiran da yake da tsawo in kana mutuwa sau ashirin a dare. Nioh 2 an yi shi ne don PS4 tun asali. Yana da zaɓin da yake rage kyan hoto ya ba ka 60 a daƙiƙa, kuma in ka mutu kafin ka gyara zama ka dawo. A tsohuwar na'ura, shi ya fi santsi nesa ba kusa ba. Mai kwamfuta kuma ya duba da kyau, don Elden Ring yana neman RAM gig 12 a ƙalla.

A wurin ɗauke wuta kuwa Elden Ring ya fi tausayi. Kusan kowane motsi yana yin sebin da kansa, wato yana ajiye maka inda ka kai. An taɓa ɗauke mini wuta ina tsakiyar tafkin Liurnia a kan doki, da ta dawo na tarar da kaina kusan a inda nake. Nioh 2 zai mayar da kai wurin hutawa na ƙarshe da ka tsaya. Kowanne ka saya, ka riƙa kwafe sebin ɗinka a filas lokaci zuwa lokaci, PS4 yana ba da dama, don mutuwar na'ura ba shiri tana iya lalata aikin wata uku. Amma ta wani gefen Nioh 2 ya rama: in kai kaɗai kake bugawa kana iya tsayar da shi cak. Elden Ring ba shi da maɓallin tsayarwa. In aka kira salla ko Hajiya ta ƙwala maka kira kana tsakiyar bos, sai dai ka fita daga gem ɗin ko ka bar jarumin a kashe shi. Haka kuma Nioh 2 a yanke yake gunduwa-gunduwa, babban aiki kamar awa ɗaya, ƙarami minti goma sha biyar, ka gama ka tashi. Elden Ring ba shi da gaɓar da zai ce maka ya isa. Ka ce bari in duba hasumiyar can kawai, sai ka ji zakara.

Dukansu ana buga su daga farko har ƙarshe ba intanet. In kana son bugawa da abokai a PlayStation sai da rajistar PS Plus, kuma a nan Nioh 2 ya fi tsari: mutum uku suna iya bin aiki tare daga farko har bos. A Elden Ring da zarar bos ya faɗi abokinka ya koma gida, ba a hawa doki in kuna tare, kuma kiran aboki yana buɗe ƙofa ga wani ɗan wasa ya shigo ya farauce ku.

Game da ƙarin da ake saya daban, faifan hannu yawanci asalin gem ɗin ne kawai. Na Elden Ring, Shadow of the Erdtree, ya fito a Yunin 2024, kuma ba za ka shiga ba sai ka kashe bosawa biyu, Radahn da Mohg, don haka ba abin gaggawa ba ne. Na Nioh 2 guda uku ne, an haɗa su a bugun da ake kira Complete Edition. Ka lura da abu ɗaya: a PlayStation dole yankin faifanka ya dace da yankin asusun da za ka sayi ƙarin da shi. Faifan Turai da asusun Amurka ba sa haɗuwa, kuɗinka zai tafi a banza. In kuma tsawon rai kake nema wa kuɗinka, Nioh 2 da ƙarinsa yana da zagaye biyar, kowanne da sabon tsarin maƙiya da sababbin kaya, sannan wani rami mai hawa 108. A nan ne lambobin da na ce kada ka karanta suke fara amfani.

Abu na ƙarshe kafin hukunci: dukansu akwai jini, da tsafi, da allolin ƙage, kuma a Nioh 2 wurin hutawar ma ɗan ɗakin bauta ne irin na Japan da jarumin yake durƙusawa a gabansa. A Turai an sa wa Elden Ring shekara 16, Nioh 2 shekara 18. Ba na kunna su yara ƙanana suna ɗaki, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da irin wannan ba, gara ya sani kafin ya biya.

Ni dai in aka ce in riƙe ɗaya har abada, Nioh 2 zan riƙe, don har yau ina gano sabon abu a mashin nan. Amma ba shi nake ba yawancin mutane shawara ba. In wannan ne karonka na farko da irin gem ɗin nan, ko ka san in ka maƙale a wuri ɗaya kwana biyu za ka ajiye hannu ka koma ƙwallo, ɗauki Elden Ring. Cikin jaruman da ake zaɓa a farko, fara da Vagabond ko Samurai, zuba ƙarfinka a jini har ya kai 40, kada ka ji kunyar ƙararrawa. In kuwa ɗan gem ɗin faɗa ne kai, mai iya kwana yana maimaita haɗin duka ɗaya har ya zauna, lokacinka a ƙididdige yake, na'urarka kuma tsohon PS4 ce, Nioh 2 naka ne. Ka ba shi awa goma kafin ka yanke masa hukunci, kuma ka shiga filin horo tun ranar farko.

Ƙanina ya ce shi in abu ya ƙi, ransa ɓaci yake yi ya tashi. Na ce ya ɗauki Elden Ring. Kwana huɗu bayan nan ya kira ni wajen sha ɗayan dare, muryarsa na rawa. Ya buɗe wani akwati a wani kango a cikin tafkin Limgrave, hayaƙi ya kwashe shi ya jefa shi cikin ramin haƙar duwatsu, wasu ƙwari masu tsayin mutum suna harbinsa, taswirar da ake dannawa a koma wurin hutawa nan take ta ƙi mayar da shi gida. "Yaya, na lalata gem ɗin ne?" Na ce masa a'a, ya duƙa ya gangara ƙasa da gudu, kada ya taɓa kowa, akwai wurin hutawa a bakin ramin, in ya zauna a nan taswira za ta buɗe. Na ji shiru na ɗan lokaci, sai ƙarar maɓalli. Can ya ce ya fito, amma sama ta koma ja wur, kuma yana hango wani kare da kansa ya fi jikinsa girma. Na ce Caelid ke nan, ya koma Limgrave yanzu, zai dawo bayan awa arba'in. Ya ce to, amma bari ya ɗan leƙa tukuna.